Bakin da na koya a wurin Kaka

Kafin a sa ni lakol, wato makarantar boko, Kaka ta riga ta wasa mini baki. A ƙauyenmu kusa da Gangara, jika da kaka ba sa gaisawa sai da tsiya. Da safe in na leƙa ɗakinta sai ta ce, "Ga angona mai wuya kamar muciya." Dole in rama. In ramuwar ta yi sanyi, ta ce in koma in sake kallonta da kyau. Haka na koyi duban abu har in gano kamarsa. Ranar da na ce ƙafarta faso-faso kamar fadama da rani, sai da ta yi dariya har da hawaye, ta ba ni ƙuli-ƙuli biyu.

Ina shekara tara aka kai ni Cadawa gidan kawuna, don lakol ɗinmu ta tsaya a aji uku. Gida ne na mutanen kirki, amma ba mai tsokanar kowa. A aji kuma mushe, malaminmu, faransanci yake so, nawa bai wuce na tambayar izinin fita ba. Maganganu suka taru mini a ciki, ba wanda zan juye wa. Kewa ta ishe ni ƙwarai.

Sai wata rana wata tsohuwa ta zo, mahaifiyar matar Kawu. Na ga furfura, na ga baki ba haƙori, raina ya yi fari, na ce yau na samu abokiyar wasa. Ana cikin gaisuwa, Kawu na durƙushe kansa a ƙasa, na matso na ce, "Iya, bakin nan naki kamar rumbun da aka kwashe."

Ni fa jira nake ta rama. Ba ta ko dube ni ba. A gaban suruka, Kawu ko tari ba ya yi da ƙarfi, ga shi yaron gidansa ya kunyata shi. Bai doke ni ba, da ma dukan ya yi. Bayan ta tafi ya ce, "Nan ba ƙauye ba ne. In ka ga babba, gaisuwa, sannan shiru."

Na kuwa yi shiru, wata shida cur. Ko kamar wani abu ta zo mini, sai in haɗiye ta, har ta daina zuwa.

Da aka ba da hutu na koma gida. Kaka na tsakar gida tana ɓarar gujiya. Tana hango ni ta ɗaga murya, "Lale da ɗan birni! Kai kamar tulun da aka manta a rana!"

Na durƙusa na ce, "Ina wuni, Kaka."

Ta jira. Na lalubi bakina, ban samu komai ba. Ta ture ƙwaryar gefe, ta kama haɓata ta daɗe tana dubana.

"Wa ya taɓa mini kai?" ta ce.