Baba Filaya, Wanda Ya Yanke Wuta Ranar Ambaliya

Da hantsi yake fitowa, jakar kayan aiki a rataye, tsani a kafaɗa, filaya a soke a aljihun baya har ta huda wandon. Ita ta cinye masa suna, don a unguwar nan ko jikokinsa Baba Filaya suke ce masa. Gyaran wuta ne sana'arsa. Yakan zauna a inuwar shagon tela yana jiran kira: fanka ta tsaya, ƙwai ya mutu, waya ta ƙone. Ba ya dogon ciniki, amma ba ya barin gida sai ya yi wa masu gidan faɗa.

Faɗan ɗaya ne kullum. Unguwar a kwari take, ruwan ko'ina nan yake gangarowa, shi ya sa da ya hangi soket kusa da ƙasa sai fuskarsa ta canza.

"Wa ya kafa muku wannan a nan? Bari in ɗaga shi sama."

"Haba Baba, fanka fa muka ce ka duba."

"Fankar ba ta kashe kowa. Wannan kuwa, ran da ruwa ya shigo ɗakin nan, shi zai fara gaisawa da ƙafar yaranku."

Daga nan sai ya sa a kira matar gida, ya nuna mata babban makunni kusa da mita, ya ce ta kashe ta kunna a gabansa, don a cewarsa ranar da abin zai faru maigida yana wurin nema. Wasu su yi dariya. Wasu su ce tsohon aiki yake ƙirƙira wa kansa. Tela kaɗai ba ya dariya. Shekarun baya matar telan ta koma ɗaki cikin ruwa don ta ɗauko keken ɗinki, ba ta san waya na kwance a ƙasa ba. Baba Filaya ne ya janyo ta da busasshen katako, amma rai ya riga ya yi halinsa. Tun daga ranar bai ƙara ganin hadari ya ji daɗi ba.

Bara, bayan azahar, aka kece da ruwan da kowa ke tunawa. Kafin la'asar lambatu ya cika ya tumbatsa, ruwa ya kai gwiwa a lunguna, ga wuta a kunne ko'ina. Ya kira ofishin wuta har ya gaji, ba a ɗauka ba. Ya zura takalmin roba, ya ɗauki tsani. Matarsa ta tare ƙofa.

"Malam, dubi katangarmu, ta fara jiƙa. Ina za ka bar ni?"

"Na kashe namu makunnin. Ki ɗora buhun hatsi a kan tebur, ki tafi gidan benen can, kar ki tsaya kwashe kaya. Yanzu zan dawo."

Wata mai wanki da guga ta gan shi ta taga. Ta ce ruwa na dukan ƙirjinsa, yana tafe yana dafa bango, yana yi wa mutane ihu su nisanci turakun wuta. Da ya isa taransifoma ya kafa tsani a cikin ruwa mai gudu, tela ya riƙe masa ƙafar tsanin, ya hau ya zare fis ɗin ɗaya bayan ɗaya. Unguwa ta yi ɗif. Ba a jima ba turken da ke bakin lungun makaranta ya faɗi, wayoyinsa suka kwanta cikin ruwa, daidai inda mata ke ratsawa da goyo, suna jan ƙananan yara zuwa tudu. Sun tsallake wayoyin nan, wasu har sun taka, ba wadda ta ji komai.

Kai ne, Baba, ka tsaya tsakanin matan nan da makara, su ba su ma sani ba. Namijin duniya, mai hawa tsani ran da samari ke neman tudu!

Yanzu ku ji sakayyar da aka yi masa.

A hanyar komawa wani kwanon rufi da ruwa ya ɓoye ya tsarge masa ƙwauri har ƙashi. Ya isa gida yana jan ƙafa, ya tarar katanga ta zube, ɗakin kwana ya rufta a kan gado da akwatuna. Allah ya sa matarsa ta ji maganarsa ta fita. Ya tsaya a cikin laka yana kallon abin da ya tara tun yana saurayi, jini na bin ruwa.

Washegari wanda ya fara sallama da shi mai sayar da ƙanƙara ne, kuma ba jaje ya kawo ba.

"Kai wa ya aike ka? Firji cike da kaya, duk sun narke! Taransifomar ta gidanku ce?"

Baba ya ɗago kai ya ce, "Yaranka nawa suka kwana lafiya?"

"Kar ka kawo mini wannan. Za ka yi bayani a gaba."

Ya kuwa kai ƙara. Mutanen ofishin wuta, waɗanda ba su ɗauki waya ba ranar ruwa, sai ga su da mota tun kafin laka ta bushe. Suka ce ya taɓa kayan hukuma ba izini, suka tafi da tsaninsa, suka kai shi wurin 'yan sanda da ƙafa a naɗe da tsumma. Ya wuni a kan benci. A duk unguwar tela ne da mai wanki suka bi shi, suka yi ta rantse-rantse har aka sake shi da gargaɗi. Sauran jama'a kuwa suna ƙofar gida suna mita an bar su cikin duhu. Da ya ce kada a mayar da wuta sai bango ya bushe an duba wayoyi, wani ya ce, "Tsohon nan dai ba ya ƙaunar mu da haske."

Ciwon ya ruɓe kafin ya samu magani na kirki. An ceto ƙafar, amma ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Ranar da aka kawo katifu da barguna na agaji, yana kwance yana rawar sanyi. Masu ƙarfin turereniya suka kwashe, har da waɗanda ruwa bai taɓa dokin ƙofarsu ba. Matarsa ta dawo da bokiti ɗaya na roba, ta ajiye a gabansa, ta juya baya don kada ya ga idonta.

"Bari kuka," ya ce mata. "Ba mu binne kowa ba."

Ta ce, "Su ma ba su binne kowa ba, Malam. Shi ya sa suka manta."

Bana ya ajiye aiki, don mai gyaran wutar da ba ya hawa sama ya gama. Ba taro, ba jawabi, ba wanda ya ce sannu da ƙoƙari. Da wani ya nitse a ranar, da har yau ana ba da labari. Da yake kowa ya tsira, sai aka ɗauka dama can ba abin da zai faru.

To Baba, mun gode. Kai ne ka sha zagi don wasu su ga girman 'ya'yansu. Kai ne ka bar naka ɗakin yana rushewa ka tafi tsare na mutane. Allah ya saka maka da abin da unguwa ta kasa, ya ba ka lafiyar ƙafa, ya sanyaya zuciyar matarka.

Ku kuma masu karatu, damina na tafe. Ku yashe lambatun ƙofar gidanku tun kafin hadari ya haɗu. In ruwa ya fara shigowa, ku kashe wuta, ku fita da rai ku bar kaya. In wani ya tsaya yana gargaɗinku, ko da faɗa ne, ku saurara, gobe ku ma ku gargaɗi na kusa da ku. Shi kuwa tsohon yana nan da ransa, a gidan da aka kewaye da buhuna a madadin katanga. Mai bulo ya kai bulo, mai ƙarfi ya je ya kwaɓa siminti. Kada ku jira ranar da za ku cika lungun kuna cewa mutumin kirki ne. Ku je yau, tun yana iya amsa sallama.