Yaya Man-sik, ka tafi da maganar da nake jira

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya yi wa Pyo Man-sik rasuwa a garinmu Masan na Koriya ta Kudu, bayan ciwon hanta da ya ɓoye wa kowa. Labarin bai iske ni ba sai da jirginmu na kamun kifi ya tsaya a Montevideo ta ƙasar Uruguay, an riga an yi makoki an watse. Ban ajiye farin fure gaban hotonka ba, Yaya, ban durƙusa maka ba, ban sha romon makokinka ba. Wannan takarda ita ce durƙusona.

Kai ka kafa gasarmu ta besbol, wasan jifa da dukan ƙwallo da sanda, a intanet, inda kowa ke riƙe da ƙungiyarsa ta 'yan wasan bogi, kwamfuta ta buga wasannin, mu kuma mu yi ta zagin juna kamar gonar gado ake rabawa. Direban bas ne kai, amma a can kai ne alƙali. Duk ƙarshen kakar wasa kana tara mu a shagon abincin matarka, a ci kifi mai yaji har hawaye su zubo, wanda ya zo na kashin baya ya wanke kwanuka. Yawanci ni ne. Sai ka leƙo kicin ka ce, "Gi-tae, da ƙungiyarka ta iya jifa yadda ka iya wanki, da mun shiga uku."

Ban manta da wannan ba. Ban manta kuma lokacin da mahaifiyata ta faɗi ta karye ina tsakiyar teku, kai ka goya ta zuwa asibiti, kai ke kai mata 'ya'yan itace duk bikin girbi, har maƙwabta suka ɗauka kai ne ɗan.

Amma ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba.

Al'adarmu ce, duk wanda zai shiga soja ko teku ya bar mabuɗin ƙungiyarsa, wato kalmar sirrin shiga, a hannun shugaba. Ajiya ce. Na ba ka nawa ban ko waiwaya ba. Ka san ra'ayina sarai: ɗan wasa da ɗan wasa ake musanya. Muddin aka yarda kuɗi ya sayi mutum, ƙungiyoyin manyan birane za su wawushe namu na ƙauye, tunda kwamfuta ta fi cika musu asusu. Kai kuma kana cewa kuɗi ma dukiyar ƙungiya ne, talaka ya sayar da abin da yake da shi ya gina gobe. Mun sha wannan gardama, kuma maganarka ba ta banza ba ce.

Ina teku aka kaɗa ƙuri'a kan sayen ɗan wasa da kuɗi. Ka shiga da mabuɗina, ka jefa tawa a ɓangarenka, ra'ayinka ya yi rinjaye. Sannan ka sayar wa kanka Ha Jin-cheol, mai jifan ƙungiyata da na tsinto tun ba wanda ke kallonsa, na yi ta rainonsa kaka bayan kaka a cikin ɗakin jirgi mai warin kifi duk sanda muka tsaya a tasha. Da shi ka ci kofi.

Da na sauka na kira ka, dariya ka yi.

"Haba ƙanena! Farashin da na biya ko makiyi ba zai raina ba. Kuɗin na bogi, yaron na bogi, ya aka yi fushinka kaɗai ne na gaske?"

Na ce, "Yaya, amanar ba ta bogi ba ce."

Sai ka ce, "Zo ka ci kifi, ka bar surutu."

Ban zo ba. Gaskiya ne ka biya fiye da darajar yaron, kowa ya shaida. Kuɗin na nan a asusun ƙungiyata, ban taɓa ko sisi ba, na ci gaba da zama na ƙarshe. Kai kuma ka ci gaba da zuwa gidan mahaifiyata. Yadda mutum ɗaya ya iya waɗannan biyun, har yau ban gane ba.

Yanzu 'yan gasa sun aiko mini cewa za a raba ƙungiyarka, in na so a warware cinikin, in mayar da kuɗi a dawo mini da Ha. Na ce a'a. Ba a warware ciniki da wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba. Kuma ba Ha nake jira ba duk tsawon lokacin nan. Jira nake ka ce, "Gi-tae, ban kyauta ba." Wannan kuwa babu ƙuri'ar da za ta dawo mini da ita.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya auna ka da goyon da ka yi wa tsohuwata, kada ya auna ka da abin da ke raina. Ga matar Yaya da 'yarsu Eun-bi, Allah ya ba ku haƙuri da juriyar rashi. In na dawo zan zo shagon. A ajiye mini kwanukan.

Yeom Gi-tae
Montevideo