Bindiga mai ƙamshin ƙuli-ƙuli

Ni ɗan maharbi ne, kuma ban taɓa jira a tambaye ni kafin in faɗa ba. Mahaifina yana da wata doguwar adaka a ƙauyenmu, gabas da Damagaram. Duk ranar Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya shimfiɗa buzu a zaure, ya goge ta tas da tsumma da man gyadar da mahaifiyata ta matsa da hannunta. Tun da na yi wayo ban ga ranar da bindigar nan ta ba shi kunya ba. Don haka da na zauna a Paris, na buɗe shagon shadda da atamfa a Aubervilliers, na ji wai Turawa suna da kulob na masu harbi don wasa, ban yi wata-wata ba na je na rubuta sunana. Takardun izini sun cinye mini watanni, likita ma sai da ya duba ni, amma na daure.

Mu uku ne Hausawa da wannan abu ya shiga wa rai. Akwai wani Alhaji Bakatsine mai sayar da takalma kusa da shagona, yana da ƙaramar bindiga ƙirar Italiya, wadda ya fi shafa ta fiye da harba ta. Sai wani tsohon soja ɗan Chadi da muke ce wa Sarjan, yana tuƙin bas a Lyon, gidansa a Vaulx-en-Velin. Shi ba abokin hira kawai ba ne a wurina. Lokacin da na sauka ƙasar nan ban san ko gaisuwar Faransanci ba, a falonsa na kwana wata huɗu, matarsa tana ciyar da ni, har na saba kiranta Yaya. Shi ya yanka ragon sunan ɗana na fari. Duk wata yakan hau jirgin ƙasa ya zo Paris, mu zauna a bayan shago kan dilolin atamfa, a dafa shayi, a buɗe gardama.

Gardamar kuwa ɗaya ce kullum: a cikin ƙananan bindigogin nan masu ɗana kansu bayan kowane harbi, wacce ce ba ta cijewa? Alhaji ya rantse da ta Italiya. Ni kuma idona ya faɗa kan wata sabuwa da aka fara kawowa daga Ostiriya, rabin jikinta roba ne.

"Roba?" in ji Alhaji. "Haba Malam! Ai wannan bokitin wanka ne, ba bindiga ba."

"Bokitin wankan ya hi madubinka," na ce masa. "Kai taka sai kallo. Yaushe rabonka da ka huda tsakiyar takarda?"

Sarjan ba mai yawan magana ba ne. Yakan bar mu mu yi ta kumfar baki har shayi ya huce. Ran nan dai, da izinina na sayen bindiga ya fito, ya ajiye kofinsa ya dube ni.

"Ƙanena, bar roba, bar madubi. Sayi ta Cekoslobakiya, ƙarhe ce zalla. In ta cije maka, ka zo ka zage ni gaban mutane."

Na saye ta saboda shi ne ya faɗa. Mai shagon bindigogin ya haɗa mini da wata ƴar kwalbar mai, na shinshina man na ji yana warin kananzir, ga shi tsararo kamar ruwa. Na ce wannan ba mai ba ne, na ɗiga shi a ƙofar shagona da ke ƙara. Ni da nake da galan guda na man gyada da mahaifiyata ta aiko mini ta hannun wani matafiyi? Duk Juma'a na dawo daga masallaci sai in kwance bindigata, in shafe ta ciki da waje, ba ƙyashi, yadda na ga ana yi a gidanmu.

Watannin farko ta yi mini aiki yadda ake so. Wurin harbinmu a Paris a ƙarƙashin ƙasa yake, da ɗumi ko a tsakiyar sanyi. Daga baya ta fara ƴan halaye: wani lokaci kwanson harsashi ya maƙale a bakinta, wani lokaci marfin sama da ke ja da baya ya dawo a kasalance. Na kai ƙara wurin Sarjan ta tarho.

"Kana goge ta?" ya tambaya.

"Ni za ka tambaya? Duk Juma'a."

"Kana sa mata mai?"

"Mai kuwa! Wanda babu irinshi a Faransa."

Bai tambaye ni wane mai ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba. A ganina duk wanda ya san bindiga ya san da me ake shafe ta.

A watan Janairu kulob ɗin su Sarjan na Lyon ya gayyaci namu gasar sada zumunci. Na kulle bindiga a akwatinta, na hau jirgin safe. Ashe wurin harbinsu a fili yake, rumfa ce kawai a kanka, ga sanyin da ke sa haƙora kaɗawa. Sarjan ya tara mutanenmu na Vaulx-en-Velin, ƴan Chadi da ƴan Kamaru da ƴan Maraɗi, sun kai goma sha, sun tsaya bayan igiya cikin manyan riguna. Ina ji yana ce musu, "Ku tsaya ku ga ƙanena, ɗan maharbi ne." Yaya kuma tun asuba take kan girki, an ce mini har kaji ta yanka.

Harbin farko ya tafi daidai. Na biyu, na ja kunama, shiru. Na duba, marfin ya tsaya a rabin hanya yana rarrafe. Na gyara, na harba, ta sake cijewa. A karo na uku alƙalin gasa ya dafa kafaɗata ya ce in sauke. Ina jin idon mutane a bayana. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ke riga hankalina.

Na juya, na ɗaga murya da Hausa.

"Ga ƙarhenka nan, Sarjan! Kai ka ce in zage ka, to ga ni. Anya ka taɓa riƙe bindiga a soja kuwa, ko a kicin suka aje ka kana tuƙa tuwo?"

Aka kwashe da dariya. Sarjan ya gyara hularsa, ya juya ya nufi tashar bas. Ni kuma na tattara kayana na kama jirgin yamma zuwa Paris, ban taka gidansa ba.

Wata biyu ba mu yi magana ba. A shago na yi ta ba da labarin ina ƙara masa gishiri, ina cewa ai dama na faɗa, roba ce bindigar zamani. Alhaji ya yi dariya sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya ce, "Malam, ya isa haka. Ka san yanzu a Lyon 'Sarjan kicin' suke ce masa?" Mutumin da a da ba a sayen ko tsohuwar mota sai an nemi shawararsa. Abin ya soke ni, ba zan ɓoye ba, amma na ce wa kaina ai gaskiya na faɗa.

Na yanke shawarar rabuwa da ita in sayi ta robar. Na kai ta wurin wani tsohon Bature mai gyaran bindigogi don ya duba ta kafin a sayar. Ya kwance ta a kan tebur, ya sa farce ya kankaro wani abu rawaya-rawaya mai danƙo daga cikinta. Ya kai hanci. Ya sake kaiwa. Sai ya kira matarsa daga ciki ya ce ita ma ta shinshina.

"Monsieur," ya ce mini, "dankali kake soyawa da ita?"

Na gyara tsayuwa na yi masa bayani da alfahari: man gyada ne na gida, matsar hannu, da shi mahaifina ya riƙe bindigarsa shekaru. Tsohon ya tambaye ni irin bindigar, na kwatanta masa. Ya ce to waccan ai harbi ɗaya take yi a sake ɗura mata, babu abin da ke zamewa gaba da baya a cikinta, ga ƙasarku da zafi. Wannan kuwa duk aikinta zamewa ne. Man girki in ya daɗe danƙo yake zama, in ya sha sanyi kuma ya daskare. Ya wanke ta tsaf, ya ɗiga mata irin man nan da na ba ƙofar shago, ya kai ni ɗakin gwajinsa. Harsashi hamsin na harba a jere, ko tari ba ta yi ba.

Duk da haka ban yarda ba sai na gani da idona. Na koma gida na zuba man a kofi na sa a firji. Da safe na tarar ya yi fari, ya kama jikinsa kamar man shanu. Matata ta leƙo ta ga ina juya kofin.

"Yau ka sani?" ta ce. "Ko a gida in ɗari ya yi sai mun kai kwalbar rana kahin mu yi miya. Da kana shiga kicin da ka sani."

Na ajiye kofin, na rufe firjin.

Zagin a gaban mutane na yi shi, don haka ban ga yadda za a yi in ba da haƙuri ta tarho ba. Ranar Juma'a na rufe shago, na ɗauki galan ɗin da sauran man, na hau jirgin Lyon. Mutanenmu suna salla ne a wani ɗaki a ƙasan benen da Sarjan yake zaune. Da aka sallame, kafin a watse, na miƙe da galan a hannu na ce a ba ni minti biyu. Na faɗi komai, tun daga zauren mahaifina har zuwa hancin matar Bature. Na ce bindigar ba ta da laifi, wanda ya zaɓa mini ita ya san aikinsa, ni ne na yi shirme kuma na ɗora masa. Dariyar da aka yi ta ninka ta ranar gasa. Wani ɗan Maraɗi ya ce daga yau sunana Mai Ƙuli-ƙuli, kuma sunan ya bi ni har yau, ban taɓa musa shi ba.

Sarjan kaɗai bai yi dariya ba. Ya karɓi galan ɗin, ya buɗe, ya shinshina, ya rufe.

"Man yana da kyau," ya ce. "Ni zagin bai dame ni ba, ni na ce ka yi. Amma abincin da yayarka ta dahwa maka ran nan, kwana biyu yana kan tebur ta hana a taɓa, wai ƙila ka dawo."

Da zagina ya rama da ya fi mini sauƙi. Na bi shi muka hau bene ina kallon ƙafafuna. Yaya ta buɗe ƙofa, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ta karɓi galan daga hannun mijinta ta shige kicin, muka ji mai yana ƙara a kasko. Da ta fito ta dire faranti a gabana, kaza ce soyayyiya da man mahaifiyata.

"Ci," ta ce. "Wannan karon ba zan jira ka ba."