Faifan Inno: zuwa ga marigayi Malam Audi Dabawa

Malam Edita, ina neman afuwarka da ta masu karatu tun daga farko. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar, ban taɓa rubuta abin da ya wuce aikin aji da wasiƙar gida ba, kuma na san akwai manyan da suka fi ni cancantar yin magana a kan wannan bawan Allah. Na yi ƙarfin hali ne don akwai magana tsakanina da shi, kuma ba ni da sauran hanyar da zan gaya masa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, 1989, cikin farkon Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Malam Audi Dabawa, malamin lissafi a makarantarmu ta 'yan mata da ke nan Dutsin-Ma, bayan jinyar kwana biyar ta ciwon sanƙarau. Ya bar matarsa Malama Saudatu da 'ya'ya uku.

Malam Audi, ranar sadakar uku aka kai mu gidanka gaisuwa. Muna durƙushe a tsakar gida sai Malama Saudatu ta ɗaga kai ta ce, "Wace ce Sakinatu Rabo a cikinku?" Ƙawayena suka turo ni gaba. Ta ce, "Kafin ya daina magana ya ce in nemo ki, in roƙa masa gafara. Bai faɗi ta mece ce ba." Na sunkuyar da kai na ce na yafe duniya da lahira, kamar yadda kowa ke cewa. Ban san abin da na yafe ba. Yanzu na sani, kuma tun daga ranar nake tambayar kaina ko waccan kalma tana nan a matsayinta.

Amma bari in fara da alherinka, don shi ya riga zuwa.

Kwamfutarmu ta farko wata Baturiya malamar kimiyya ce ta bar wa makaranta da za ta koma ƙasarsu. Ta shekara lulluɓe da zane a ofishin shugaba, kowa na tsoron taɓa ta. Kai ka ɗauko ta, ka karance littafinta daga bango zuwa bango, ka share mata ɗakin ajiyar alli. Ni ban taɓa ɗaga hannu a ajinka ba, ko da na san amsa. Mako biyu ina tsayawa a bakin taga ina kallon sauran 'yan mata suna danne-danne. Rannan ka ce, "Ke mai gadin taga, shigo. Ba ta cizo, kuma ba ta yi wa mutum dariya in ya yi kuskure." Na buga sunana, ya fito da koren rubutu a kan gilashi. Ba ka yabe ni a gaban mutane ba, don ka san da ka yi da ban sake dawowa ba.

Kai ka koya mana riƙon faifai, wannan baƙin abu mai laushi da ke cikin ambulan, wanda na'ura ke ajiye rubutu a kansa. Kana cewa kada a bar shi a rana, kada a lanƙwasa, kuma duk wadda ka kama tana fifita da shi ta bar ɗakin har abada. Ka koya mana yadda ake wanke shi, kamar yadda ake wanke allo a yi sabon rubutu. Ka nuna mana cewa kafin na'ura ta wanke sai ta tsaya ta nemi a tabbatar mata. Ka ce kada wadda ta amsa mata sai ta karanta sunan da ke jikin faifan sau uku.

Wata rana ka ce kowa ta kawo abin da take so ta ajiye. Wasu suka kawo waƙoƙin gaɗa, wasu wasiƙu. Ni na ce ba ni da komai sai kakata Inno. Inno ungozoma ce a garinmu Ɗantutture, ta ƙasar Kurfi, ta fi shekara hamsin tana karɓar haihuwa. Ba ta san lambar shekara ba, amma ta san wanda ya riga wani zuwa duniya, ta san wanda aka haifa shekarar fara, da na shekarar da rijiyar masallaci ta rufta, da na shekarar da motoci suka koma hannun dama, da na shekarar canjin kuɗi. A garinmu ba mai takardar haihuwa. Duk mai neman makaranta ko aiki ko fasfon Makka, wurin Inno yake zuwa.

Ka miƙe tsaye da jin haka. Ranar Asabar ka hau babur ka je har gidanmu. Inno ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Kai ne za ka zuba kaina cikin akwati?"

Ka ce, "Da izininki, Inno."

Ta ce, "Wa ta yanke maka cibi? Ko wace ce ba ta iya ba, shi ya sa ka fito awa sillen kara."

Ka yi dariya har hularka ta faɗi. Ka zauna a tabarma tun hantsi har la'asar, kana haɗa kowace shekara tata da lambarta. Hutu biyu na yi ina zaune gaban Inno da fensir, tana faɗa ina rubutawa, zango biyu kuma ina bugawa a ɗakinka bayan an tashi. Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu, kowa da sunan uwarsa, da gidan da aka haife shi, da shekararsa. Da hannuna na rubuta "Inno" a jikin faifan. Ba mu buga a takarda ba don zaren tawadar injin bugawa ya bushe. Na tambaye ka yadda zan yi da takardun fensir, ka ce takarda abincin gara ce, faifai ba ya mantuwa. Na kai su gida. Babata ta ce sun gama amfani? Na ce sun gama. Ta ƙunsa daddawa da su.

Inno ta rasu cikin daminar bara. A wurin zaman makoki babana yana gaya wa mutane su kwantar da hankalinsu, abin da ke kan tsohuwa yana nan a Dutsin-Ma cikin na'ura.

Da kaka wani attajirin hatsi ya yi wa makaranta kyautar sabuwar kwamfuta, dillalin da ya kawo ta daga Kano ya tafi da tsohuwar a musaya. Ka yi murna kamar yaro ranar sallah. Ka bayyana mana cewa kowace na'ura tana da tsarin da ke tafiyar da ita: na tsohuwar ana ce masa CP/M, na sabuwar DOS. Sai ga shi sabuwar ba ta gane tsofaffin fayafayanmu ba. Suna shiga bakinta daidai, amma ba ta karanta ko harafi. Na tsorata. Ka ce in kwantar da hankalina, akwai furogiram da ke juyar da tsohon rubutu zuwa sabon tsari, nema kawai za a yi.

Kuma ka nema, wannan shaida zan ba da ita ko'ina. Sabuwar ta zo fanko, ba abin da ta iya. Kowane ƙarshen mako kana cikin mota, yau Kano, gobe Zariya, kana bin ofisoshin abokan karatunka kana roƙon furogiram kamar mai neman iri. Ka samo na rubuta wasiƙa. Ka samo mai koya wa yatsu bugu ba tare da kallo ba, wanda muka riƙa rububinsa. Ka samo wani mai zana taswira da bai taɓa aiki ba, ka ce shi ma baƙo ne, a bar shi ya huta. Cikin Disamba ka dawo daga Zariya da wanda ya fi su duka, mai tattara makin jarrabawa ya jera ɗalibai. Aikin da malamai ke yi mako biyu ya koma na yini guda.

A makon nan ne ka tare ni a baranda ka ce, "Sakinatu, takardun Inno na fensir suna nan ko?"

Na ce, "Ai an ƙunsa daddawa da su, Malam. Kai ka ce faifai ya isa."

Ka kau da kai. Can ka ce, "Haka ne. Ya isa."

Daga nan duk ranar Litinin sai na tambaye ka, duk da nauyin bakina. Kullum amsarka ɗaya: yana nan cikin kabad a kulle, mai juyarwa kawai muke jira. Da hutu maƙwabcinmu Ɗanmusa ya zo gidanmu, yana son shiga aikin gandun daji an ce ya kawo shekarunsa. Na ce ya ƙara haƙuri. Ya ce, "Ashe akwatin naku ma sai an yi masa biko?" Mutane suka yi dariya, ni kuwa na tsaya ina kare ka.

Mako uku bayan rasuwarka furogiram ɗin juyarwa ya iso ta gidan waya daga Jos, amsar wasiƙar da ka rubuta tun Nuwamba. Mista Kefas, malamin kimiyya, abokin tafiye-tafiyenka, shi aka ba makullin ɗakin. Ya gwada, ya yi aiki. Waƙoƙin gaɗa suka fito, wasiƙun ƙawayena suka fito. Na duba kabad sau biyu ban ga nawa ba. Sai na lura da faifan maki, wanda muke gani kullum. Takardar sunansa ta ɗan ɗago a kusurwa. Na sa farce. A ƙarƙashi ga rubutuna.

Mista Kefas ya ce, "Zauna, 'yata. Ina wurin, kuma ni ma na yi shiru, sai ki haɗa da ni." Ya ce ka tafi da faifaina Zariya ne don ka gwada juyar da shi, ba a samu mai juyarwa ba. A nan kuka ga furogiram ɗin maki. Fayafayan da kuka je da su sun cika, mai ofishin ba shi da na bayarwa, motar ƙarshe tana shirin tashi. Ya ce ka daɗe kana jujjuya shi a hannu, sannan ka ce ai yarinyar tana da takardunta, za a sake bugawa. Na'ura ta nemi ka tabbatar, ka tabbatar mata.

Malam, na zo ta uku a jarrabawar da aka yi cikin Disamba. Na kai takardar sakamako gida ina murna, babana ya nuna wa mutane a ƙofar masallaci. Ashe daga inda aka share Inno ta fito.

Na yi ta auna abin. Wankewar kanta na gane ta. Ka manta abin da ka gaya mini ne, ga gaggawa, ga amfanin ɗalibai ɗari huɗu a gabanka. Wannan kuskure ne, kuma na yafe shi har zuciyata. Abin da ya tsaya mini shi ne Litinin ɗin nan, ɗaya bayan ɗaya, wata uku. Ka san ba na iya kallon idon babba, ka san ba zan taɓa cewa ka buɗe kabad in gani ba, kuma da wannan ka dogara. Da ka gaya mini a Disamba, da na tarar da Gwaggo Kyauta, wadda ta yi shekara talatin tana riƙe wa Inno fitila, da ranta. Ta rasu a Fabrairu. Har a kan gadon jinya ba ka faɗa ba, ka aiko a karɓi yafiyata a rufe, ka bar ni in gano da farcena.

Na gaya wa babana. Bai yi faɗa ba, ya ce in je in gaya wa Ɗanmusa da bakina, na je. Yanzu na sayi littafi mai kauri da biro, ina bin gidajen Ɗantutture. Tsofaffi suna gardama, wannan ta ce ɗanta ne babba, waccan ta ce nata ne, kuma babu mai raba su. Na samu mutum sittin da ɗaya da na tabbatar. Wasu ba za su samu ba har abada.

Kafin in aiko da wannan takarda na je na karanta wa Malama Saudatu, don kada ta ji a bakin wani. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Shi ya sa ya daina cin abinci ranar Litinin." Sannan ta ce, "To yanzu kin yafe?" Na buɗe baki zan ce e. Ta ce, "Kada ki yi mini ƙarya don ina takaba. Aika."

Ga amsata, Malam. Ban janye abin da na faɗa a tsakar gidanka ba, kuma kullum bayan salla ina roƙon Allah kada Ya tsare ka saboda ni. Amma ba zan ce maka komai lafiya alhali ba haka ba ne. Bakina ya yafe, zuciyata tana hanya, ba ta iso ba tukuna.

Allah Ya jiƙan Malam Audi, Ya yi masa rahama, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa abin da ya koya mana ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Allah Ya jiƙan Inno da Gwaggo Kyauta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Saudatu da 'ya'yanta, da 'yan'uwansa na Dabawa, da Mista Kefas da sauran malamai. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari.

Malam Edita, in ba na cika roƙo ba, ina neman izinin in sake rubutowa sau ɗaya. Ba zai yi tsawo ba, layi ɗaya ne, ranar da zan iya faɗarsa da gaskiya. Ina so ya fito a wannan shafin, inda matarsa za ta gani.

Sakinatu Rabo Ɗantutture
Aji biyar, Dutsin-Ma