Manhajar da ba ta san gaisuwa ba

Ina kula da imel a wani kamfanin ɗab'i a unguwar Television aka kawo mana wata manhaja daga Turai mai tace saƙonni, don ta riƙa tare 'yan damfara. Ashe a wurinta, duk wanda ya fara da doguwar gaisuwa cikin sunan Ubangiji ɓarawo ne. Fastocin Sabon Tasha masu ba mu aikin kalanda kuwa ba sa shiga magana sai sun tambayi iyali da gajiya. Ta kwashe saƙonninsu duka ta zuba a shara.

Na zauna ina tsamo su ɗaya bayan ɗaya, ina nuna mata na mutanenmu ne. Na ji daɗin aikin nan. Kafin in bar kamfanin, saƙon da ya zo babu gaisuwa shi take tuhuma.