Ƙwallon Lurwanu Mai Tsini Biyu

Lurwanu Jumare haifaffen Madina ne. Kakansa ya taho hajji a ƙafa daga ƙasar Katsina, ya zo ziyara Madina, ya ce shi kam ya iso gida. Unguwarmu ɗaya da Lurwanu a Aƙiƙ. Dogo ne siriri, mai yawan bayani. Ya sayar da dabino, ya yi faci, daga baya ya koyi tuƙi. A shekarar 1978, ana gina birnin Yanbu, wani kamfanin Amurkawa ya ɗauke shi direba.

A can ya ga wasan. Ranar Juma'a da yamma Amurkawan kan fito bayan sansaninsu da wata ƙwallo mai tsini biyu kamar gurji, su rungume ta, su yi ta kayar da juna, kuma su ce sunan abin ƙwallon ƙafa. Wani injiniya da yake tuƙawa ya ba shi tarihin wasan a hanyar Jidda. Turancin Lurwanu kaɗan ne. Abin da ya kama shi ne, a farkon lamarin ma'aikatan masana'antu ne suka kafa ƙungiyoyi, gari da gari suna karawa. Da injiniyan zai koma ƙasarsu, ya bar masa ƙwallon.

Lurwanu ya dawo Madina a 1980 ya ce zai kafa gasa. Ya tara mu, 'yan Aƙiƙ, ya je unguwar Khalidiyya ya tara wasu. Har da ƙungiya ta uku, masu dafa abinci a tsakiyar gari, amma su huɗu ne, kuma ba su taɓa zuwa ba.

Khalilu tela ya ɗinka mana kafaɗu da soson tsofaffin katifun alhazai. Muka sa a ƙarƙashin jallabiya. Hulunan kwano kuwa na magina muka aro. Balarabe, wani ƙaton Bamaraɗe mai dakon tukwanen gas, babu hular da ta shige shi, sai Lurwanu ya ɗauko masa tukunya daga gida. Matar Lurwanu, Maiturare, ta tare shi a ƙofa.

"Abu Safiyya, ina za ka da tukunyar da nake dafa shinkafar kabsa?"

"Aro ce. Kan mutum za ta tsare."

"To ka ce wa mai kan ya wanke ta ciki da waje."

A busasshen kwarin Aƙiƙ muka yi wasan farko, bayan la'asar. Lurwanu ya bayyana mana cewa kafin kowane gudu, 'yan wasa kan haɗa kai su yi shawara cikin raɗa, ta ɗan lokaci kaɗan. Muka haɗa kai. Sai dai mu duka magidanta ne, wasu sun yi mako ba su ga juna ba. Aka fara da ina wuni, aka tambayi iyali, aka tambayi jikin mahaifiyar Khalilu. 'Yan Khalidiyya suka ga bai dace maƙwabta na taro su tsaya daga nesa ba, suka zo suka sa kai su ma. Wani ya kawo shayi. A wannan shawarar aka sasanta mutum biyu da ke rikici a kan wurin ajiye mota. Kafin kiran magariba sau huɗu kacal aka taɓa ƙwallon.

Lurwanu bai karaya ba. Mako na uku mun fara gane abin, har Balarabe ya yi gudu da mutum uku a rataye a jikinsa. Sai 'yan Khalidiyya suka zo da Malam Abdussamad.

Malam Abdussamad ya haura saba'in, kuma shi ya koya wa rabinmu karatu. Suka miƙa masa ƙwallo, ya sa a hamata, ya kama sandarsa, ya nufo mu a hankali. Balarabe ne a gaba. Ya cire tukunya ya durƙusa. Mu ma muka dare, muna cewa, "Tafaddal, ya ammi," wato bismillah, baffa, wuce. Malam ya tsaya sau ɗaya ya huta, sannan ya tsallake layin cin maki.

"Ku kayar da shi mana," in ji Lurwanu.

Khalilu ya ce, "Bismillah, kai ka fara."

Wasa biyar a jere Khalidiyya ta cinye mu da Malam. Lurwanu ya rame. Ya nemi a hana wanda ya wuce sittin shiga, aka ce ya je ya faɗa wa Malam da bakinsa. Bai je ba. A maimakon haka ya shiga bincike, har ya gano Alhaji Hamidu, baffan matarsa, wanda ya girmi Malam da shekara tara. Da mota muka kai shi fili, muka zaunar da shi a kujera daidai tsakiya.

Malam ya taho da ƙwallo kamar kullum. Da ya ga Alhaji Hamidu sai ya cire takalmi ya gaishe shi, ya miƙa masa ƙwallon da hannu biyu. Alhaji ya juya ta, ya shinshina, ya tambaya ko ta nuna. Aka ce ba ta ci ba ce. Ya aje ta ƙarƙashin kujera, su biyu suka shiga hirar jirgin ruwan da ya ɗauko iyayensu daga tashar Suwakin ta Sudan. Babu wanda ya iya sa hannu ƙarƙashin kujerar. Muka zauna a kan yashi muna saurare, da kafaɗunmu na soso.

Ran nan haƙurin Lurwanu ya ƙare. Da aka mai da dattawan mota, ya ce zai nuna mana yadda ake kayar da mutum. Ya tsayar da Balarabe, ya ja baya, ya naɗe jallabiya, ya taho da gudu kai a sunkuye. Muka ji ƙas. Balarabe bai motsa ba, har yana tambaya ko an fara. Lurwanu yana ƙasa, kafaɗarsa ta goce.

Wata biyu ya yi da hannu a rataye. Kowace yamma 'yan ƙungiyoyin biyu kan zo duba shi, Maiturare na aiko da shayi, har gasar ta koma falonsa ta zauna. Da ya warke ya sayi tasi, ya shiga ɗaukar alhazai tsakanin Harami da Ƙuba, aikin da ya yi shekara ashirin da shida. Bai sake kiran wasa ba, amma bai taɓa cewa an rufe gasar ba. Na ziyarce shi bara, ya tsufa, jikokinsa na amsa masa da Larabci. Ya ce min kafaɗar tana damunsa da sanyi, kuma likitoci uku ya gani, duk ya faɗa musu haɗarin mota ne.