Kawu Isa Tafireta da Kwalin Sukarinsa

Duk wanda ya san Kawu Isa Tafireta ya san kwalin nan da ba ya rabuwa da aljihun gaban rigarsa. Kwalin sukari ne ya yanka da reza. A jikinsa ya rubuta "I would like to" da manyan baƙaƙe, ya huda 'yar taga a gaban rubutun, ya zura wata siririyar takarda ta baya mai ɗauke da kalmomin Turanci: ci, saya, gani, tambaya. In ya ja takardar sai kalmar da ke tagar ta canja, magana ta zama sabuwa. Ma'anarta dai "ina so in yi kaza", amma cikin ladabi.

"Turanci ba shi da yawa," in ji shi, "tsoronsa ne ke da yawa. Kwano ɗaya ne. Yau ka zuba tuwo, gobe ka zuba fate."

Ya shekara talatin yana buga tafireta a sakatariya. Ya ce a can ya lura masu shiga ofis da "ba ni, ba ni" haka nan suke fitowa, masu fara magana da wannan jimla kuwa har kujera ake ba su. Da ya yi ritaya ya dawo gidansa na unguwar Kawo, sai ya ɗaura niyyar koya wa kowa. Ku da kuka zauna a bencinsa kun sani. Mai shayi bai tsira ba, mai wankin hula bai tsira ba. Mutum ɗaya ce ta gagare shi, matarsa Inna Dije. In rana ta yi, zai leƙa madafa ya gyara murya ya ce, "I would like to eat."

Ita kuwa ko waiwaye ba ta yi. "Faɗa wa tukunya, Malam. Wataƙila ita ta yi boko."

Ni Hajara, ɗiyar ƙanwarsa ce. Na daɗe ina guje wa kwalin nan, sai da maigidana ya rasu ya bar ni da yara uku. Wata makarantar kuɗi a Malali tana neman mai rainon ƙananan yara, aka ce za a yi intabiyu da Turanci bayan sati shida. Ni a aji uku na sakandare na tsaya. Na taɓa zuwa irin wannan intabiyu, aka yi mini tambaya ɗaya, bakina ya ƙi buɗuwa har aka ce in tafi. In na rasa wannan aiki, danginmu sun riga sun yanke shawarar raba yaran gida-gida. Na je na durƙusa gaban Kawu ina kuka.

Bai ce mini sannu ba. Kwalin ya zaro.

"Share hawayenki kada ki jiƙa mini kaya. Karanta."

Kullum da hantsi ina tabarmarsa, yana jan takarda ina maimaitawa. Da sati biyu ya cika ya ce karatun ɗaki ya isa, sai an gwada a kan mutane. Ya ja ni Babbar Kasuwa, ya tsayar da ni gaban Ɗan Sakkwato mai tumatir, mutumin da nake sayayya a wurinsa tun ina amarya.

Na ce, "I would like to buy tomatoes."

Ɗan Sakkwato ya dube ni, ya dubi Kawu. "Hajara, lahiya? Mi ya same ki?"

"Yau ba ta jin Hausa," in ji Kawu.

"Af! To madalla. Tumatur na Turawa daban yake." Ya tura mini ƙaramin kashi, ya faɗi kuɗin babba.

Wallahi ban ga lokacin da kwalin ya koma aljihu ba. Kawu ya tattare hannun riga ya shiga ciniki da Hausa tsantsa, har da su "kai, ji tsoron Allah" da "gyara fa". Muna tafiya na ce, "Kawu, ina Turancin?"

"Ke! Turanci na neman alfarma ne. Wa ya ce miki ana ciniki da shi?"

Maganar Rigachikun kuwa kun ji ta, amma ni ina cikin motar. Daga kasuwa muka hau bas. Kowa ya san in an zo inda za ka sauka, "Akwai!" kake cewa da ƙarfi. Kawu ya ce ihu ba tarbiyya ba ne, kuma dama ce ta samu da zan gwada karatuna. Muna isowa Kawo ya zungure ni. Na faɗi jimlata a hankali, cewa ina so in sauka. Rediyo na tashi, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran fasinja, wa zai ji ni? Na buɗe baki zan ce akwai, Kawu ya ɗaga yatsa.

"Sake faɗa. Ki cika ta."

Na sake. Shi ma ya faɗa, a natse, kamar mai magana da babban sakatare. Muna ji muna gani gadar Kawo ta wuce, gidaje suka ƙare, gonaki suka fara. Sai a garin Rigachikun motar ta tsaya don kanta.

Kwandasta ya ce, "Baba, ba Kawo kuka ce ba? Ai da kun yi magana!"

"Sau uku muka yi magana, yaro. Kai ne ba ka yi makaranta ba."

Kawu ya sayi rake sanda ɗaya, ya saɓa a kafaɗa. Da muka iso gida Inna Dije ta tambayi abin da ya tsare mu, ya ce dama ya daɗe yana marmarin raken Rigachikun.

Ranar intabiyu shi ya raka ni, da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a. A bakin get ya nuna mini layin ƙarshe na takardar, wanda ya ƙara da safen nan: yadda zan ce ina so a maimaita tambaya.

"In kin rasa ta cewa, ki faɗi wannan. Kada dai ki yi shiru. Shiru ne ya kayar da ke wancan karon, ba Turanci ba."

Shugabar makarantar wata dattijuwa ce mai tabarau. Ta tambayi sunana. Sati shida ban fara wata magana da komai ba sai da jimlar Kawu, don haka bakina ya tafi inda ya saba.

"I would like to be Hajara," na ce, wato ina so in zama Hajara.

Ta sauke tabarau. Ta yi tambaya ta biyu, ban gane ba, na roƙi a maimaita. Ta maimaita, na sake roƙo. Zufa ta jiƙa mini hijabi, amma ban yi shiru ba. A karo na uku sai ta tuntsire da dariya, ta ce da Hausa mai kyau, "'Yata, wa ya koya miki wannan ladabi? Zauna. Faɗa mini, in yaro ɗan shekara biyu ya ƙi cin abinci, ya za ki yi?"

Wannan kam na sani. Na yi ta bayani har ta ɗaga hannu. Ta ce Turanci zan ƙara koya a bakin aiki, amma wadda za ta iya tsayawa cikin tsoro ta ci gaba da magana a hankali, ita take so kusa da yara. Ta ce in fara ranar Litinin.

Na fito da gudu na faɗa wa Kawu. Ya ce, "Alhamdu lillahi! Wace jimla ce ta ci?"

"Kawu, da Hausa muka ƙarasa."

"Da me?" Ya miƙe. "Da Hausa? Sati shida! Har Rigachikun! Ina matar take?"

Sai da na riƙe masa riga. Ya tsaya yana huci, sannan ya juya mini baya, ya daɗe yana gyaran hular da ba abin da ya same ta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan aiki. Ba a raba yarana ba, a ɗaki ɗaya suka girma. Na yi masa godiya sau da yawa, kullum sai ya ce in rage surutu.

Da Allah ya yi wa Kawu rasuwa, ranar sadakar uku ina zaune kusa da Inna Dije, sai ta kama hannuna. Ta ce a sati shidan nan, ba Litinin ko Alhamis da ta wuce Kawu bai yi azumi saboda ni ba, kuma ya hana ta faɗa. Ta ce ta tambaye shi, ba ya ce kwalinsa ya isa ba? Ya ce mata, "Dije, kwali yana aiki. Amma Turancin yarinyar nan sai an haɗa da addu'a."

Muka yi dariya a tsakiyar masu gaisuwa, har aka juyo ana kallonmu. Daga nan dariyar ta ƙi ƙarewa yadda ta fara, ta koma kuka.

Ya Allah, bawanka Isa ya roƙe Ka saboda ni ban sani ba. Yau ni nake roƙon Ka saboda shi. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka riƙe shi kamar yadda ya riƙe marayuna. Amin.